Ranar da Na Yi wa Yohanna Shiru

Kakar bana ce ta cika shekara ashirin da bakwai da rasuwar Yohanna, ɗan gwaggona, abokin wasana, mai wa'azin Kirista a kasuwar garinmu. Na ƙirga da kaina, na kuma je na tambayi matarsa Saratu don kada tsufa ya sa in yi masa ƙari ko ragi, ta ce haka ne, ana tsakiyar yankan dawa ya tafi. Sunana Sale, ni Musulmi ne, tela kuma. Na fi shekara ashirin ina taka keken ɗinki a rumfar da ke kallon inda yake tsayawa, kuma ba na jin akwai wanda ya saurari wa'azinsa kamar ni, ko wanda ya katse masa shi kamar ni. Mu da muka gani da idonmu mun kusa ƙarewa, shi ya sa na ga gara in rubuta tun hannuna yana iya riƙe biro.

Yaran yanzu in na ce musu ɗan gwaggona mai bishara ne, sai su zaro ido kamar na faɗi abin kunya. To ga yadda abin yake. Kakanmu Bamaguje ne a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, bai yi salla ba, bai shiga coci ba, har ya koma ga Mahaliccinsa. Ɗansa, wato mahaifina, ya musulunta tun yana saurayi a wajen fatauci. 'Yarsa, gwaggona, ta auri wani mutum da ya yi doguwar jinya a asibitin 'yan mishan, ya dawo gida da lafiya da sabon addini. Ni ɗan namiji ne ke nan, Yohanna ɗan mace. Duk wanda ya san al'adarmu ya san abin da wannan ke nufi: taubasai ne mu, akwai wasa tsakaninmu daga haihuwa har kabari. Ni ne ubangida, shi ne bawa, ko da yake ya girme ni da shekara huɗu. Ina da ikon in tsokane shi a gaban kowa, in ɗauke masa abin da na ga dama, shi kuma ya rama da bakinsa, kuma wanda duk ya yi fushi a cikinmu shi za a yi wa dariya.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba ya dawo daga makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, da keke, da jakar fata, da wani naɗaɗɗen ƙyalle mai hotuna, da hula ƙube a ka. Ni lokacin na gama koyon ɗinki, na kafa kekena a kasuwa. Bai hau ko'ina ya fara magana ba sai da ya je gaban Sarkin Kasuwa ya durƙusa ya gaishe shi, ya nemi wurin tsayawa. Sarki ya dube shi ya ce, ai mai maganin basir ma an ba shi wuri yana ihu tun safe, balle ɗan gari. Ya nuna masa gindin marke, tsakanin masu tukwane da mu teloli. Akwai wani tsagaggen turmi da aka yar a wajen, Yohanna ya kifa shi ya hau. Wa'azin turmi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Malam Habu yana yin nasa bayan la'asar a bakin 'yan hatsi. Sabon abin shi ne mai hawa turmin.

Yana da dokokin da ya kafa wa kansa, ba wanda ya sa shi. Ba ya ambaton Annabinmu da abin da zai sosa ran Musulmi. Ba ya nuna mutum da yatsa ya ce kai ɗan wuta ne. Da zarar ladan ya ɗaga murya, ko yana tsakiyar kalma ne, zai sauko. Abin da ya yi imani da shi kuwa yana faɗa gaba gaɗi, ba ya rage masa gishiri don a so shi. Ranar da kasuwarmu ba ta ci, sai ya ɗaure jakarsa a bayan keke ya nufi Roni ko Gwiwa, wani lokaci Kazaure, har Babura ya taɓa kaiwa, ya dawo yana ba mu labarin mutanen ƙetaren iyaka da suka tsaya suka saurare shi har ƙarshe, sannan suka tambaye shi ko keken na sayarwa ne.

Ni kuwa aikina a ranar kasuwa biyu ne, ɗinki da Yohanna. Yana da labarin da ya fi so, na makiyayin da ya bar garkensa ya tafi neman tunkiya ɗaya da ta ɓace. Sai ya buɗe ƙyallen hotunan, ya sassauta murya, mutane su yi tsit, ni kuma in tsayar da keke in ɗaga murya daga rumfa.

"Bawana, tunkiyar gwaggo da ta ɓace a hannunka muna yara fa? Har yau ba ka nemo ta ba!"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Shi kuwa ko gezau, sai ya juyo ya nuna ni da littafinsa.

"Jama'a, ku yi wa tela uzuri. Shi ko ranar tashin ƙiyama aka kira shi, cewa zai yi a dawo gobe, saura hannu ɗaya."

Daga nan sai in tashi in zagaya ta bayansa in fizge hular, in kawo in kifa a kan kekena, ya ƙarasa wa'azinsa da sanƙonsa yana ƙyalli a rana. In an tashi sai ya biyo ni rumfa ya karɓa, mu ci rogo da ƙuli tare. Ba kullum wasa ba ne. Akwai ranakun da zai faɗi abin da ba zan iya bari ya wuce ba, sai in ce masa mu dai a wurinmu Annabi Isa Annabi ne mai girma, ba mu wuce nan ba. Ya ce ya ji, na faɗi nawa, in bar shi ya faɗi nasa. Mutanen da ke jin nauyin tambayarsa sukan zo su raɗa mini tambayar, ni in jefa masa. Duk tsawon shekarun nan bai ja ni coci ba, ban ja shi masallaci ba, kuma kowannenmu bai daina fata ba. Na san yana sa ni a addu'a, don ya sha gaya mini, ni ma kuma ban ɓoye masa tawa ba.

In na tuna wannan sai in dubi kasuwannin yau in yi ta mamaki. Yanzu kowane mai wa'azi, namu da nasu, da lasifikarsa, wani ma biyu, ya ɗaure a kan mota ya juya ta inda ya san za ta fi ciwo. Lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, rediyo da babura suka cika gari, mutanen cocinsu sun sayo wa Yohanna lasifika mai aiki da batir. Kasuwa ɗaya ya yi da ita ya mayar musu. Na tambaye shi dalili, ya ce da ya kunna ta ba ya jin abin da ake mayar masa, ya ga bakina yana motsi amma bai san da me na jefe shi ba. Ya ce shi ba zai iya yi wa mutane magana ba alhali ba ya jinsu. Da zai leƙo yau ya ga ana yanko rabin maganar mutum a waya a watsa wa duniya, mai maganar bai san masu saurare ba, su ma ba su san shi ba, na san abin da zai fara tambaya: to wa ke katse shi?

A cikin waɗancan shekarun na man fetur ne abin da nake son bayarwa ya faru. Yaƙin basasa ya ƙare, an yi mana hanya, manyan motoci sun fara kawo baƙi kasuwa. 'Yan dokan da muka sani, 'ya'yan gari waɗanda suka san wane ɗan wane ne, an shigar da su cikin 'yan sanda an rarraba su, aka buɗe mana ɗan ƙaramin ofis aka turo wani Saje. Mutumin kudu ne, Kirista, dogo, ba ya dariya, yana jin Hausa irin ta bariki. Ranar kasuwarsa ta farko ya fito zagaye, ya iso gindin marke daidai lokacin da na fizge hular ina cewa bawa ba ya sa hula a gaban ubangidansa, jama'a kuma suna ihu suna tafi. Ku dubi abin da idonsa ya gani. Ga Kirista shi kaɗai a kan turmi, ga taron Musulmi sun kewaye shi suna sowa, ga wani ya tuɓe masa hula yana kiransa bawa. Ban ankara ba sai na ji an damƙi wuyan rigata.

Ina zaune a bayan kanta sai ga Yohanna ya faɗo ofis da keke, kai ba hula, yana haki, yana cewa a sakar masa ubangidansa. Saje ya dube shi ya dube ni. Muka yi ta bayani, bakina bakinsa, kakanmu kaza, gwaggo kaza, wasa ne, gado ne. Saje ya saurara har muka gaji, sannan ya yi magana a hankali. Ya ce shi a wani birni na Arewa aka haife shi, kuma a rikicin da aka yi kafin yaƙi ya ga taro ya kewaye mutum, da dariya aka fara. Ya ce ƙanensa bai fita daga wannan garin ba. Ya sake ni, amma ya yanke hukunci: daga ranar babu sauran wa'azin Kirista a kasuwa. In Yohanna yana son wa'azi ya shiga coci ya rufe ƙofa, a can ne zai iya tsare masa rai.

Yohanna ya roƙe shi. Ya ce, ranka ya daɗe, mutanen cocin ba su cika benci uku ba, kuma duk sun haddace abin da zan faɗa, ni kasuwa aka aiko ni. Saje ya ce ya gama magana.

Kasuwa uku turmin nan yana kife ba kowa a kai. Yohanna yakan zo da jakarsa kamar kullum, ya jingine keke, ya shigo rumfata ya zauna yana taya ni sa maɓallai. Bai taɓa ce mini kai ka ja ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi. Mutum mai murya kamar ganga ya koma sai ka matso kafin ka ji abin da yake cewa, Saratu kuma ta aiko mini cewa tuwo ma sai ta yi da gaske yake ci. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wani ma'aunin hatsi da ya tare ni a hanya, fuska cike da fara'a, ya kama hannuna ya ce Allah ya saka mini, na rufe bakin arne. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni kamar wannan ba. Wasan da na gada don ya riƙe zumunci, shi ne ya raba ɗan'uwana da abin da ya ba ransa gaba ɗaya, har wani yana sa mini albarka a kai.

Na je na sami Sarkin Kasuwa na faɗi a gabansa, na ce Baba, ni na ɓata, a taimake ni in gyara. Ya ce in je in kira Malam Habu. Na yi tsammanin Malam zai ce ba ruwansa, sai kawai ya ɗauki buzunsa ya ce mu je. Haka muka jera mu uku, duk Musulmi, muka tafi roƙon Kirista ya bar Kirista ya yi wa'azi. Har yau in na tuna fuskar Saje da ya gane abin da ya kawo mu sai in yi dariya ni kaɗai. Sarkin Kasuwa ya yi bayanin taubasantaka tun daga tushe, ya ce shi kansa da furfurarsa akwai tsohuwar da ke ƙwace masa sanda duk ranar kasuwa. Malam Habu ne ya ƙarasa zancen.

"Yallaɓai, ni ban yarda da abin da Yohanna yake faɗa ba, kuma ina gaya wa mutane haka bayan la'asar. Amma turmin da ka sauke shi daga kai, irinsa nake hawa. In yau tsoro ya sauke shi, gobe wani zai zo da nasa tsoron ya sauke ni."

Saje ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Daga ƙarshe ya ce zai gwada kasuwa ɗaya, shi da kansa zai tsaya ya gani, amma da sharaɗi: wannan telan kada ya buɗe baki, kada ya tashi daga kan kekensa. In na ce ko tak, an rufe maganar har abada. Na rantse na amince. Da na gaya wa Yohanna, ya yi murna har ya rungume ni, sannan ya ja baya ya dube ni da shakka, ya ce shi bai taɓa ganin na yi shiru ba sai in ina salla. Shi ya kawo dabarar in sa maɓalli a baki.

Ranar ta zo. Saje ya tsaya a gefen masu tukwane da kulkinsa. Na zaɓi wani babban maɓalli na kwat na jefa a baki, na sunkuyar da kai ina taka keke. Yohanna ya hau turmi, ya gyara hula, ya buɗe ƙyalle, kuma don neman magana sai ya ɗauko labarin tunkiya. Ya zo daidai inda na saba shiga, sai ya tsaya. Ba da niyya ba, bakinsa ne ya saba barin gurbin. Jama'a duk suka juyo suna kallon rumfata. Na ci gaba da ɗinki. Ya yi gyaran murya ya koma baya ya sake ɗauko labarin, ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa. Mutumin da bai taɓa laluben kalma ba ya shiga in'ina. Na ji mata masu daddawa suna raɗa cewa ashe da gaske ne, taubasai sun ɓata, abin ya kai ga hukuma. Ba mai dariya, ba mai tambaya. Taron ya tsaya cirko-cirko, irin tsayuwar da ba ka san inda za ta faɗa ba.

A cikin wannan shirun ne wani baƙo ya yi magana, mai sayen awaki da ya zo da motar safe, ba wanda ya san shi. Ya kutsa gaba ya ce wai garin nan babu Musulmi ne, aka bar arne yana yi wa mutane ihu a ka? A jawo shi ƙasa mana! Ba wasa a muryarsa ko kaɗan. Na ga samari biyu ko uku sun dubi juna sun matsa gaba. Na ga ma'aunin nan yana gyaɗa kai. Na ga hannun Saje ya sauka a kan kulki, fuskarsa ta koma irin ta ranar da ya ba mu labarin ƙanensa. Yohanna yana tsaye a kan turmi, littafi a ƙirji, bai sauko ba. In na yi magana na karya sharaɗi, an rufe masa kasuwa har abada. In na yi shiru, ga abin da ke tahowa.

Ban san lokacin da na haɗiye maɓallin ba. Na dai ji shi yana gangarawa, na tsinci kaina a tsakiyar fili da almakashi a hannu, sai da na tuna na jefar da shi baya.

"Kai baƙo, dakata! Wa ya ba ka aron bawana? Wannan da kake gani gadonsa na yi tun daga kakanmu. Tsokanarsa tawa ce ni kaɗai, ba na sayarwa, ba na ba da aro. In tambaya gare ka, yi masa, zai amsa maka. In kuwa zagi kake ji, koma garinku ka nemi naka taubashin!"

Na juya na fizge hular, na ce kai kuma, malalacin bawa, ina tunkiyar gwaggo? Yohanna ya ɗaga hannu biyu sama, murya ta dawo masa gaba ɗaya.

"Na gode wa Allah! Jama'a, ga ɓatacciyar nan ta dawo da ƙafarta, har tana kuka!"

Dariyar da aka yi a ranar ban taɓa jin irinta ba. Wata mai tukwane ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Samarin nan suka saje da jama'a kamar ba su ne suka matso ba. Baƙon ya tsaya yana waige-waige, Sarkin Kasuwa ya kama hannunsa ya ja shi inuwa, ya sa aka kawo masa fura, yana yi masa bayani. Yohanna ya ƙarasa labarinsa tiryan-tiryan, ni kuma na katse shi sau uku don in rama kasuwannin da na yi asara. Ana cikin haka ladan ya kira azahar. Ya sauko a tsakiyar magana kamar yadda ya saba, ya je ya zauna a kan kujerar kekena. Masu tafiya masallaci suka yi ta kawo ƙullin kayansu suna ajiyewa a gabansa, har da baƙon, wanda ya rasa inda zai ɗaure awakinsa, aka ce masa ya ba mai wa'azi igiyar, kowa shi yake ba wa.

Da na dawo daga salla na tarar da Saje a bakin rumfata yana kallon Yohanna da igiyar awaki a hannu. Ya ce mini na karya sharaɗi. Na ce na karya, yallaɓai. Sai na ga haƙoransa a karon farko, ya ce in ci gaba da karyawa. Amma kafin ya tafi ya juyo ya yi mana tambayar da har yau take bina. Ya ce wannan yana da kai, to wanda ba shi da taubashi a kasuwa fa?

Yohanna ne ya ce mini daga baya Saje ya fi mu gaskiya a nan, don shi kansa in ya je Babura ba shi da kowa, sai gaisuwar da ya fara kai wa manya da kuma halin mutanen wurin. Shekarun da suka biyo baya sun nuna mini nauyin tambayar. Nakan ji a rediyo an kama mai wa'azi a wuri kaza, an hana wani a wuri kaza, wani ma bai kai ga hukuma ba taro ya gama da shi, kuma kowane ɓangare yana da nasa labarin da yake ba 'ya'yansa. Bai kamata damar mutum ta faɗin abin da ya yi imani da shi ta rataya a kan yana da ɗan kawu mai dogon baki ba. Wannan aikin doka ne, kuma ya kamata ta yi shi ga kowa, da na turmin Yohanna da na turmin Malam Habu. Sai dai abin da na gani da idona shi ne, ranar da aka rufe bakina don a zauna lafiya, ranar ce aka fi kusa da tashin hankali. Mutanen da suka saba jin ana faɗa ana mayarwa ba sa saurin ɗaukar dutse. Saje ya yi shekara biyu tare da mu, ni nake ɗinke masa kaki, kuma kafin a ɗauke shi sai da ya sami wata tsohuwa mai ƙosai da yake tsokana duk safiya.

Maɓallin kuwa, Yohanna bai bar ni na huta ba har ƙarshen ransa. Duk wanda ya kawo ɗinki yana wurin, sai ya ce masa ya ƙirga maɓallansa, telan nan ci yake yi.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi wata biyu ba. Na je jana'izarsa na tsaya a gefe, suka yi waƙoƙinsu da addu'o'insu, Malam Habu da tsufansa ya zo gaisuwa da rabin kasuwa a bayansa. Da aka share makoki sai Saratu ta aiko in same ta a kasuwa ranar da take ci. Na tarar da ita a gindin marke da 'ya'yanta, hular Yohanna tana kife a kan turmi. Na miƙa hannu biyu in karɓa da ladabi, ta ce a'a. Ta ce wasiyya ya bari: a ba Sale hular, amma kada a miƙa masa a hannu, bai saba ba, a ajiye masa inda zai sata.

Mutane sun taru, sun san abin da ake ciki. Na koma rumfata na zauna, na taka keke kaɗan, sannan na tashi na zagaya ta bayan turmin yadda na saba, na fizge ta, na ɗaga murya na ce bawa ba ya sa hula a gaban ubangidansa. Aka yi dariya, har da Saratu, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Ni kuwa sai na samu kaina a tsaye ina jira. Bakina ya bar masa gurbin amsa, kamar yadda nasa ya bar mini a waccan ranar, sai a lokacin na san abin da ya ji a kan turmin nan da na yi masa shiru.

Turmin ya daɗe da zama itacen wuta, marken ma an sare shi an yi shaguna. Abin da ya rage shi ne har yau a kasuwarmu in mai bishara ya tsaya, ana samun mai yi masa tambaya, ana kuma samun mai riƙe masa keke, kuma jikokinsa da nawa ba sa haɗuwa a hanya su rabu ba su tsokani juna ba. Hular tana nan rataye a jikin tsohon kekena. Shekara ashirin da bakwai ke nan, ita kaɗai ce abin da na taɓa ɗauke wa Yohanna bai biyo ni rumfa ya karɓa ba.